Tsohon Ciwo Da Sabuwar Zuciya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in bayyana wa 'yan'uwana masu karatu wani al'amari da ya same mu a gida, wanda na yi fushi a kansa tun ban gane shi ba.

Ina da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, aure ya kai ta Ingila. Ciwon daji ya kama ta a nono, likitoci suka yi mata aiki, suka bi da wani jan magani da a ke kira dokzorubisin, Allah ya ba ta sauƙi. Ashe maganin nan kaifi biyu gare shi, yana kashe daji, amma a jikin waɗansu yana raunana naman zuciya. Bayan shekara biyu sai ta soma haki, ƙafafu suka kumbura. Da magunguna suka gaza, aka ce sai an dasa mata zuciyar wani, amma ba yanzu ba, sai an jira.

Sa'ad da labarin ya iso mini, na ce wannan wace irin magana ce? Mutum na numfashi da kyar, a ce masa ya jira? Har na zargi likitocin da rashin tausayi, Allah ya gafarta mini. Mijinta ne, da ya ke ya zauna da su, ya warware mini.

Jikin ɗan Adam yana da dakaru masu tsaronsa, ba su barin baƙo ya zauna. Zuciyar da aka daso kuwa baƙuwa ce, saboda haka dole mai ita ya sha magani muddin ransa don ya kwantar da dakarun nan. Tun daga dashen farko aka ga abin da wannan ke jawowa. Ran 3 ga Disamba 1967 Likita Kiristiyan Banad ya yi shi a Afirka ta Kudu, mutumin ya kwana 18 ciwon huhu ya kashe shi, domin jikinsa ba shi da mai kāre shi. To, dakarun nan su ne kuma ke farautar ƙwayoyin daji tun suna ƙanana. In an sa su barci, wa zai tare ɓarawon da ya riga ya san hanyar gidan?

Ba zato ba ne. A 2011 aka buga lissafin dashe fiye da 175,000 da aka yi a Amurka, na ƙoda da hanta da huhu da zuciya, aka tarar daji ya kan sami masu dashen kamar ninki biyu na sauran jama'a. Wanda ya fi damunsu shi ne na fata da na kaluluwa. Mai zuciya kuwa ba a sakin masa magani da sauƙi, gama in jiki ya ƙi ƙoda akwai injin wanke jini da za a koma, zuciya fa ba haka ta ke ba.

Abin da ya rufe mini baki shi ne binciken da aka buga a 2012 daga ƙasashen arewacin Turai, wajen su Suwidin, kan mutum 111 da suka taɓa yin daji kafin a dasa musu zuciya ko huhu. Waɗanda ba su wuce shekara guda da rabuwa da ciwon ba, ya dawo wa 63 cikin ɗari. Masu shekara ɗaya zuwa biyar, 26. Masu biyar ko fiye, 6 kaɗai. Ni malamin lissafi ne, ban iya gardama da wannan ba. Ga shi kuma zukatan da a ke samu kaɗan ne, kowace aka ba wani, akwai wani a kwance da bai samu ba.

Amma kada mai karatu ya ɗauka shekara biyar doka ce. Ƙungiyar likitocin dashen zuciya da huhu ta duniya, a ƙa'idodinta na 2016, ta ce a dubi irin dajin, da yadda ya ji magani, a yi shawara da likitansa, kowane majinyaci da nasa hukunci.

Ƙanwata dai an sa mata wani ɗan famfo a ƙirji mai taimakon zuciya tura jini, igiyarsa ta fito ta ciki zuwa batura da ta ke ratayawa a jaka. Bana shekararta huɗu ba a ga dajin ba, an kuwa rubuta sunanta cikin masu jira. Mijinta ya ce ko da dare ba ya kashe wayarsa. Ina roƙon masu karatu su sa ta a addu'a.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta, Zariya.