Bugun Buɗe Wasa: Ingila Na Lallaɓawa, Amurka Na Fasawa

A Kano ko Kaduna, duk teburin da aka shimfiɗa wa koren ƙyalle sinuka ne, kuma matashin da ya ɗauki sanda zai buɗe wasa da iya ƙarfinsa, ƙwallaye su watse, 'yan kallo su yi shewa. Wanda ya zauna a Ingila zai ga cewa ƙwararrun sinuka ba sa yin haka ko kusa.

Tun 1977 ake yin gasar sinuka ta duniya a ɗakin Crucible da ke Sheffield. A can, mai buɗe wasa yana ɗan shafar jar ƙwallon da ke ƙarshen tarin goma sha biyar ne kawai, farar ta zagaya gefunan tebur ta koma gida ta laɓe bayan koriya ko rawaya. Dalilin a fili yake. Teburin ƙafa 12 ne, ramukansa matsattsu, don haka da wuya bugun ƙarfi ya jefa wani abu. Abin da zai yi shi ne ya baje wa abokin karawa abinci. In kuwa abokin karawar irin Ronnie O'Sullivan ne, wanda a 1997 ya share tebur da maki 147 cikin ƙasa da minti shida, to sai mutum ya koma kujera ya zama ɗan kallo.

A Amurka lissafin ya juya. Teburin ful na gasa ƙafa 9 ne, ramukan na da faɗi, kuma a wasan ƙwallo tara duk wanda ya jefa ko guda ɗaya a bugun farko zai ci gaba da bugu. Ƙwararre na iya gama wasan ba tare da ɗayan ya tashi ba. Shi ya sa 'yan wasa ke ɗaukar sanda ta musamman mai taurin kai don fasa tari kaɗai, kuma Shane Van Boening, ɗan jihar South Dakota da ya ci gasar US Open sau biyar, ya yi suna da bugun buɗewarsa.

Amma a Amurkan ma an samu wanda ya ƙi bin ayari. Corey Deuel ya lura cewa idan an jera ƙwallaye sun manne sosai, ƙwallon da ke gefen tarin kan nufi ramin kusurwa ko da bugun bai da ƙarfi. Sai ya rage hannu: ƙwallo ɗaya ta faɗa, sauran su ɗan buɗe, farar ta tsaya inda yake so. A 2001 ya ci US Open, ya doke Mika Immonen ɗan Finland da ci 11 da nema a wasan ƙarshe. Daga baya manyan gasa suka fito da ƙa'idar cewa dole aƙalla ƙwallaye uku su faɗa rami ko su haura layin da ake buga farar daga bayansa. Wasu gasannin kuma suka matsar da tarin gaba yadda ƙwallo ta tara za ta zauna a kan ɗigon da aka saba ajiye ƙwallon gaba, suka ƙuntata wurin ajiye farar. Masu shirya gasa sun ga dabarar ta yi tasirin da har tana rage wa wasan armashi.

Abin da na fahimta daga ƙasashen biyu shi ne, tambayar da ke gaban mai buɗe wasa ɗaya ce: wa zai yi bugu na gaba? Idan tebur da ƙa'ida sun ba ka tabbacin jefa ƙwallo, ka buɗe tarin. Idan ba su ba ka ba, ka ɓoye farar. Amurkawan da ke dukan tari a wasan tara, su ne ke lallaɓa shi a wasan da kowa ke da raminsa guda. Turawan Ingila kuma, da ke taka-tsantsan a sinuka, sukan fasa da ƙarfi a ƙaramin teburin ja da rawaya, domin a wasan ƙwallo takwas tarin goma sha biyar da bai buɗe ba yakan maƙale wa kowa. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Ga matasanmu da ke wasa a teburin unguwa, inda ƙyallen ya tsufa kuma jerin ba ya mannewa, bugun Deuel ba zai yi aiki ba, domin giɓi tsakanin ƙwallaye na cinye ƙarfin bugu. Ƙarfi na da amfani a nan, amma wanda hannu zai iya riƙewa. Ka duba jerin kafin ka buga, ka daki ƙwallon gaba a tsakiyarta, ka rage ƙarfi har sai farar ta daina tsalle ko faɗawa rami, ta riƙa tsayawa tsakiyar tebur. Daga nan ne kawai ya dace ka fara ƙara hannu kaɗan-kaɗan.