ZIYARA A KUFAN SURAME, BIRNIN KANTA

Idan an gama girbi, an zuba dammunan hatsi a rumbu, mutanen Madawa da Buza da Keita da yawa sukan kama hanyar kudu. Wasu cin rani ke kai su, wasu fataucin albasa, wasu kuma sayar da bisashe. Mafi yawansu sun san kasuwar Sakkwato, sun kuma ziyarci Hubbaren Shehu. Amma kaɗan ne suka taɓa jin sunan Surame, balle su je su gani. Alhali kuwa an yi zamanin da ƙasar Adar take ƙarƙashin sarkin da ke zaune a wannan birni.

Yau Surame kufai ne. Yana cikin daji, yamma da Sakkwato, a ƙaramar hukumar Binji, ba nesa da gulbin Rima ba. Babu mai kwana a cikinsa. Abin da ya rage shi ne ganuwa, ita kuwa ganuwar da dutse aka gina ta.

Mai zuwa daga Madawa zai bi babbar hanya ta Galmi da Malbaza da Tsarnawa har Birnin Ƙonni, tafiyar kilomita 90 ko kusa da haka. Mutumin Buza yakan sauko Madawa tukuna. Na Keita kuwa ya fi masa sauƙi ya bi ta Tawa ya faɗo Tsarnawa. Daga Ƙonni sai a tsallaka iyaka a shiga Illela. A nan sai a lura, Illela biyu ce. Akwai ta Najeriya, wadda ke bakin iyaka, akwai kuma ta Nijar, cikin jahar Tawa, inda Sarkin Adar yake. Ta biyun za ta sake fitowa a wannan labari. Daga iyaka zuwa Sakkwato ma kusan kilomita 90 ne, ta Gwadabawa da Kware. A Sakkwato ake neman motar da za ta yi yamma. Ƙarshen tafiyar hanyar ƙasa ce, sai babur ko ƙafa.

Wanda ya je yana tsammanin ganin soraye da benaye zai ji babu daɗi. Da farko ba ya ganin komi sai itatuwa da ciyawa. Sai ya matsa kusa zai lura da wani dogon tudu da ya miƙe, ba irin miƙewar tudun Allah ba. Idan ya duba da kyau, sai ya ga duwatsu ne aka jera, wani bisa wani. A wasu wurare ginin yana tsaye, a wasu ya zube ya zama tsibi. Ganuwar ba ɗaya ba ce, akwai ta waje, akwai ta ciki. Ana gane inda ƙofofi suke. A cikin fili ana ganin tushen ɗakuna, da tsofaffin rijiyoyi, da tsingaron tukwane warwatse a ƙasa. An ƙiyasta faɗin wurin ya kai hekta 900. Ke nan gona mai hekta 3 har guda 300.

Me ya sa birni ya yi faɗi haka? Haka birane suke a ƙasar Hausa a zamanin yaƙi. Ganuwa ba gidaje kaɗai take kewayewa ba. Ana barin fili a ciki don noma da kiwo. In abokan gaba suka taso, mutanen ƙauye sukan koro shanu da awaki su shigo, a rufe ƙofa. Birnin da ke da rijiya da gona da rumbu a cikinsa yana iya jure wata da watanni a rufe. A bayan ganuwa kuma akan haƙa gwalalo, wato rami mai zurfi, a bar sarƙaƙiya ta rufe shi, don doki ya kasa matsowa. Ƙarfin yaƙin wancan zamani doki ne, doki kuwa ba ya hawa bango.

Sai dai ganuwar Kano da ta Katsina da ta Damagaram duk da ƙasa aka gina su. Ta Surame dutse ce da laka. Shi ya sa ta bambanta.

Wanda ya gina ta shi ne Muhammadu Kanta, Sarkin Kabi, shekara 500 ke nan ko kusa. Da farko Kanta yana tare da Askiya Muhammadu, babban sarkin Sanwai da ke Gawo. Sun tafi yaƙin Agadas tare wajen shekara ta 1515. Da aka dawo, sai rigima ta tashi a kan rabon ganima. Kanta ya ga an tauye shi, ya ƙi biyayya. Askiya ya aiko da runduna, Kanta ya kore ta. Tun daga wajen 1517 Kabi ta tsaya da ƙafarta. Mutumin da ya yi wa Askiya tawaye ya san ba zai yi barci a garin da ba ganuwa ba. Ya gina Surame, ya kuma ƙarfafa Gungu da Leka. Daga baya har da Barno ya gwabza. Ana cewa a kan hanyar komowa daga wannan yaƙi aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, ya rasu, aka kawo gawarsa Surame. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo labarin Kanta a littafinsa Infaƙul Maisuri.

Mutumin Adar da ya tsaya gaban wannan ganuwa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Shi ɗan ƙasar dutse ne. Ya san nauyin dutse a ka, ya san yadda yake yanka tafin hannu. Ya san ba a ɗora babba bisa ƙarami, kuma jeri ba ya tsayawa sai an cusa ƙanana a tsakani. Don haka tambayar da za ta fara zo masa ita ce, su wa suka ɗauko duk wannan? Babu mota a lokacin, babu amalanke. Kai ne, da jaki, da raƙumi.

Amsar ba mai daɗi ba ce. Aikin tilas ne. Ƙasashen da Kanta ya ci su ne suka aiko da mutane. Har yau ana ba da labari cewa mutanen Nufe sun makara wajen zuwa, sai Kanta ya hana su ruwa, ya ce da man kaɗanya za su kwaɓa tasu laka. Ana kuma cewa ya sa Abzinawa su riƙa ɗauko ruwan gini bisa raƙuma tun daga ƙasarsu. Labarin baka ne, amma yana nuna yadda talakawa suka riƙe abin a zuciya. Sunan sarki ɗaya aka sani. Dubban da suka yi dakon dutse, ba wanda ya san sunan ko ɗaya daga cikinsu.

Kabi ta yi fiye da shekara 150 tana da ƙarfi, Adar kuma tana cikin ƙasashen da ke bin ta. Abin ya juya a shekara ta 1674. A wannan shekara Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya yaƙi Sarkin Kabi, ya ci nasara, ya ƙwace Adar. Cikin waɗanda suka rufa masa baya akwai Lisawan, waɗanda zuriyarsu ke riƙe da sarautar Keita. Agabba ya yi sarautar Agadas daga baya. Da aka tuɓe shi a 1721, sai ya komo Adar ya zauna. Daga gare shi gidan Sarkin Adar ya fito, gidan da ke Illela ta Nijar.

Rasa Adar ya rage wa Kabi ƙarfi ƙwarai. Gobirawa da Zamfarawa da Abzinawa suka matsa mata ta ko'ina. Mutumin Madawa, ɗan Gobir Tudu, shi ma ke nan yana da kakanni a cikin wannan labari. Wajen shekara ta 1700 Kabawa suka bar Surame, suka koma Birnin Kabi. A 1805 Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi, daga baya sarautar Kabawa ta zauna a Argungu, inda take har yau. Surame kuwa ba a sake zama cikinta ba. Fiye da damana 300 ta sauka a kan ganuwar, ga shi har yanzu ana ganin ta.

Wannan shi ne abin da zai fi tsaya wa manomin Adar a rai, don shi ma ya jera dutse. Bayan farin 1984 aka fara babban aikin raya karkara na Keita, da taimakon ƙasar Italiya. Mutane, yawancinsu mata, suka yi ta dakon duwatsu bisa fako da gefen tsaunuka, ana biyan su da abinci. Suka yi jeri don tare ruwa, suka haƙa ramuka, suka dasa itatuwa. Fakon da ko ciyawa ba ya fitarwa ya koma ba da hatsi. A kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro don tare iska. Ganuwar Kanta mahaya doki take tarewa. Jerin duwatsun Keita ruwan sama yake tarewa, kada ya kwashe ƙasar gona. Amma hannun da ya iya wannan zai gane aikin wancan. Zai kuma gane inda ginin ya fara lalacewa, don ya saba gani a gonarsa: saiwar itace ta shiga tsakani, ruwa ya ci gindi, bisashe sun bi ta wuri ɗaya har sun buɗe hanya.

Gwamnatin Najeriya ta sa Surame cikin wuraren tarihi da doka ta kare tun 1964. A 2007 kuma ta miƙa sunansa ga hukumar UNESCO, cikin jerin wuraren da ake neman a ɗauka a matsayin gadon duniya. Saboda haka mai ziyara ba ya ɗaukar dutse ko tsingaro ya sa a aljihu, ba ya haƙa, ba ya sa wuta. Makiyayi kuma ba ya kora garke ta kan ginin.

Sai maganar hanya, wadda ita ce babba. An rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023, aka sake buɗe ta a watan Maris na 2024. A ƙarshen 2024 sojan Najeriya suka ba da sanarwar wasu 'yan bindiga da ake kira Lakurawa a dazuzzukan arewacin Sakkwato da Kabi, Binji kuma tana cikin wannan yanki. Don haka ba a tashi haka kawai a nufi Surame. Mai niyya ya riƙe takardar shaidarsa, ya canza sefa zuwa naira tun a Ƙonni. In ya isa Sakkwato, ya tambayi direbobin tasha da hukuma halin da hanya take ciki a wannan mako. In sun ce a dakata, ya dakata. In hanya ta yi kyau, ya fara sauka wurin mai garin ƙauyen da ke kusa, ya yi gaisuwa, ya nemi ɗan rakiya. Lokacin ɗari ya fi, bayan ciyawa ta bushe, don a lokacin ne duwatsu ke fitowa fili. Ya ɗauki ruwan sha, ya sa takalmi mai kauri saboda ƙaya da maciji, ya fito kafin la'asar.

Wanda bai samu shiga ba, tafiyarsa ba ta ɓaci ba. Daga Sakkwato akwai mota zuwa Argungu. A can akwai gidan tarihi mai sunan Kanta, a tsohon gidan sarki, wanda aka buɗe wa jama'a a 1958. A ciki an ajiye masu da takubba da kwari da baka da tambura na Kabawa, kuma a nan ake binne sarakunan Kabi na Argungu.