Wunin da Muka Yi a Bakin Ruwan Challawa



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da amincinSa su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu karatu, yau labarin wani wuni zan ba ku da na yi a bakin ruwa tare da ɗalibaina, wanda har yanzu idan na tuna shi nakan ji kunyar kaina.

Ni mutumin Zoza ne a Ƙaramar Hukumar Rogo, kuma ni da madatsar ruwan Challawa da ke ƙasar Karaye kusan tsarar juna ne, domin kuwa kamfanin Julius Berger ya gina ta tsakanin 1990 da 1992, daidai lokacin da ake goyona. Tsawon bangonta ya kusa kilomita 8, tsayinsa mita 42, kuma idan ta cika takan riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Waɗannan alƙaluma na san su tun ina jami'a, amma ruwan kansa ban san shi ba, duk da cewa ba shi da nisa da mu. Mu mutanen tudu ne, masu masara da dawa. Abin da ya haɗa mu da dam bai wuce bandar kifin da muke saye ranar kasuwa ba.

A ajin da nake koyarwa a Islamiyya akwai wani yaro ɗan shekara goma sha uku, wanda mahaifinsa masunci ne da ke zaune a bakin dam, shi kuma yana hannun kawunsa a cikin gari saboda karatu. Duk ranar Laraba da yamma yakan tafi wajen mahaifinsa, ya yi Alhamis da Juma'a yana taya shi aiki, sa'an nan ya dawo Asabar da safe. Kusan kullum sai mun yi nisa da hadda yake shigowa, idanunsa jajur, ga ƙarnin kifi a jikinsa. Yara suka sa masa laƙabi da sunan kifi, suna matsawa idan ya zauna. Na hana su da baki, amma ban hana su da gaske ba, domin ni ma a raina ina ganinsa malalaci. Sau biyu na yi masa bulala a kan makara, a na ukun na ce masa idan ya sake sai ya zo da kawunsa.

Asalin tafiyar kuwa wata tambaya ce. Ɗaya daga cikin manyan ɗalibai ya nuna mini wani bidiyo a waya, na wasu Turawa a Kanada da suka hau ƙaramin jirgin sama zuwa wani tafki mai nisa da gari, suka kama ƙaton kifi da fatsa, suka ɗauki hoto da shi, sa'an nan suka mayar da shi ruwa. Ya ce, “Malam, mene ne hukuncin wannan?” Na ce masa farautar ruwa halal ce da nassin Alƙur'ani a Suratul Ma'ida, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya har mushen kifi ana ci. Sai dai Ibn Abi Zaidin Alƙairawani a cikin Risala ya bambanta tsakanin farautar da ake yi don wasa kawai, wadda ya karhanta, da wadda ake yi don wata buƙata, wadda ya halatta. Na ƙara da cewa shaƙatawa a kanta ba laifi ba ce, kuma kallon halittar Allah da tunani a kanta ibada ne. Da suka ji haka sai suka kama ni da maganata, suka ce to a kai su dam su yi wannan ibadar.

Muka sa ranar wata Alhamis a ƙarshen hunturu, bayan jarrabawa. Iyaye suka yarda, kowa ya ba da kuɗin mota, muka ɗauki shatar ƙaramar bas, ni da yara goma sha huɗu. Na aika wa yaron nan cewa ya gaya wa mahaifinsa muna tafe.

Mun isa da hantsi, masunta sun riga sun fito daga ruwa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne faɗinsa. Wanda ya saba da kududdufi da rafi, idan ya tsaya inda ba ya iya hango ɗaya gaɓar sosai saboda hazo, dole bakinsa ya mutu na ɗan lokaci. Yara suka yi ta tasbihi ba tare da na umarce su ba. A gefe guda kuma ana ta ciniki: karfasa a daro, tarwaɗa tana ta motsi a cikin bokiti, ƙananan kawara an zube su a kan buhu, hayaƙin banda yana tashi daga bayan bukkoki. Wani yaro ya kai hannu zai ɗauki ƙurungu, sai ɗalibin nan nawa ya riƙe masa hannu da sauri, ya nuna masa ƙayoyi uku da kifin ke miƙewa da su, ɗaya a baya biyu a gefe, da yadda ake kama shi ba tare da ya soki mutum ba. Ya bayyana musu bambancin kalli da ake shimfiɗawa a ruwa a kwana, da birgi da ake jefawa, da gura da ake ajiyewa da abinci a ciki. A wata shida da ya yi a ajina ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba. Na tambaye shi ƙarfe nawa suke tashi, ya ce kafin assalatu suke zuwa ɗaga kalli, har ranar Asabar ma, daga nan ne yake neman abin hawa zuwa makaranta.

Sai aka zo maganar shiga jirgi, kuma a nan ne abin da ya sa na rubuta wannan ya faru. Mahaifin yaron dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya ce zai ɗauke su, amma biyar-biyar, sawu uku, kusa da gaɓa, kuma a gama kafin azahar domin iska takan tashi. Ni kuwa ina son a shiga gaba ɗaya, saboda direba yana ta duba agogo, kuma, gaskiyar magana, ina son hoto guda da kowa a ciki. Kwale-kwalen a idona babba ne. Na ɗauka salon ciniki ne, sai na ce, “Baba, idan kuɗin sawu uku ne zan ba ka, mu yi sau ɗaya kawai.” Ya ce a'a. Raina ya ɗan ɓaci, yara suna kallona, sai na ji bakina ya furta, “Haba Baba, ai ajali ba ya wuce lokacinsa, mu dogara ga Allah.”

Ya ɗago kai daga komar da yake gyarawa ya ce, “Gaskiya ka faɗa, Malam, kai ka fi ni sani. Amma jirgin nan ni na san abin da yake ɗauka. In wani abu ya faru, kai za ka je ka yi wa iyayensu wannan bayanin, ko ni?” Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, “Yaran Bagwai ma da malamansu suka shiga.”

Wallahi sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ga wanda bai sani ba, ranar 30 ga Nuwamba 2021 wani jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, ya taso daga ƙauyen Badau, akasarin waɗanda ke ciki ɗaliban Islamiyya ne da za su je Mauludi, kuma aƙalla mutum 29 suka rasu. Abin da aka fi ambata a matsayin sanadi shi ne lodin da ya wuce ƙima. Allah Ya ji ƙansu, Ya karɓi shahadarsu, Ya ba iyayensu haƙuri. A makon da abin ya faru ni ne na tsaya gaban ɗalibai na ja addu'a, na kuma yi nasiha mai zafi a kan sakaci da amana. Ga shi ba a daɗe ba ina tsaye a bakin wani ruwan, ina ba da kuɗi don a yi irin wannan lodin da 'ya'yan mutane.

Abin da ya fi damuna ba gaggawar ba ce, domin kowa yakan yi gaggawa. Kalmar da na jawo ce. Na karanta babin tawakkali a wajen malamai fiye da ɗaya, na koyar da hadisin nan na Tirmizi inda Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya umarci mai raƙuma ya ɗaure ta tukuna sa'an nan ya dogara. Na san riƙo da sababi ba ya kore imani da ƙaddara. Amma a lokacin da son raina ya buƙaci hujja, sai ya miƙa hannu cikin ilimin ya zaro abin da ya dace da shi, ya kuma jefi wani dattijo da shi don ya ji kunyar musa wa malami. Da mutumin mai jin nauyin rawani ne, da ya yi shiru ya ɗauke mu. Ina roƙon 'yan'uwana malamai matasa su lura da wannan: mutane suna jin nauyinmu har a abin da suka fi mu sani, kuma wannan nauyin yana iya kashe rai.

Muka yi sawu uku kamar yadda ya ce. Na shiga na ƙarshe, hannuna biyu a kan katako, domin ban iya iyo ba, kuma sai a lokacin na tuna ban tambayi ko ɗaya daga cikin yaran ko ya iya ba. Babu rigar kariya ko guda. Ɗalibina ne a gaba da filafili, mahaifinsa a baya. Can sai yaron ya karkatar da jirgin ba tare da na ga dalili ba, sai da muka gota na hango baƙin kan wani kututture ƙasa kaɗan da saman ruwa. Dattijon ya ce wuraren nan duk gonaki ne da itatuwa kafin a tare kogin, kuma fadamar mahaifinsa tana ƙarƙashin ruwan nan. Shi manomi aka haife shi, su kuwa daga baya ya koya a wajen baƙin masunta. Ya koka da masu sa koma mai ƙananan idanu, har da gidan sauro, suna kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba. Na tuna kuma abin da na karanta, cewa ruwan da aka tare a nan da Tiga ya rage ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru, inda wasu masuntan da manoma ke nasu kukan. Ruwan da muka zo kallo don nishaɗi, kowane gefensa akwai wanda abincinsa ya rataya a kai.

Muna sallar azahar a gindin wata bishiya iskar ta taso, kamar yadda ya faɗa. Ruwan da ke kwance ɗazu ya fara dukan gaɓa, kwale-kwalen da aka ɗaure suna karo da juna. Babu wanda ya ce komai, ni ma ban ɗaga ido na dubi dattijon ba.

Da za mu tafi na miƙa masa kuɗi, ya ƙi karɓa. Ya ce malamin ɗansa ba ya biyan kuɗin jirgi, ya kuma sa aka zuba mana karfasa a leda. A mota na tuna miskinan nan masu jirgi na Suratul Kahfi, waɗanda ya zo a hadisi cewa sun ɗauki Annabi Musa da Haliru ba tare da lada ba.

Ranar Asabar yaron ya makara kamar kullum. Na jira ya zauna, sa'an nan na gaya wa ajin ƙarfe nawa ya tashi da abin da ya yi kafin ya iso, na kuma nemi afuwarsa a kan bulalar nan biyu. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Ba komai, Malam.” Muka yi magana da shugaban makaranta, aka ɗauke masa zuwan safiyar Asabar, ni kuma nake karɓar haddarsa bayan la'asar. Laƙabin bai mutu gaba ɗaya ba, amma an daina matsawa idan ya zauna. Mun kuma sanya a dokar makaranta cewa babu fita da ɗalibai zuwa bakin ruwa sai da rigunan kariya, kuma adadin masu shiga jirgi mai jirgi ne zai faɗa. Har yanzu ba mu tara kuɗin rigunan ba, saboda haka ba mu koma ba.

Lokaci-lokaci yaron yakan zo mini da bandar tarwaɗa a ƙunshe cikin takarda, in ba shi kuɗi ya kai wa mahaifinsa, mako mai zuwa ya dawo mini da su a cikin wani ƙunshin. Sau huɗu ke nan muna wannan, kuma kuɗin suna nan cikin aljihun jakata, ina jiran Laraba.