Na'ura Ba Ta San Mu'azu Ba

A nan Sabon Ibadan kusan kowane gida akwai wanda ake miƙa wa waya idan ta ƙi. A gidanmu ni ne. Cike fom, tura kuɗi, haɗa layi, duk ni ake nema, kuma babu abin da ya kai sunayenmu ba ni wahala.

Yawancin fom ɗin da za ka buɗe gurabe uku ne: sunan farko, na tsakiya, da sunan dangi. Wanda ya tsara shi ya ɗauka kowa na da sunan gida guda da ake gada, kamar maƙwabtanmu Yarabawa. Mu kuwa wani sunan uba yake sawa, wani na kaka, wani na gari. Ai Shehu Shagari da Malam Aminu Kano da sunan garuruwansu duniya ta san su. Sai ka ga mutum ɗaya Sani Garba ne a banki, Sani Kano a katin ɗan ƙasa, alhali bai yi wa kowa ƙarya ba.

Ga kuma rubutu. Mu'azu, Sa'adatu, Isma'ila, da ka sa 'yar waƙafin nan ta sama, wani fom ɗin sai ya yi ja, wai ka sa alamar da ba a yarda da ita ba. Ɗanladi da Ɗanjuma kuwa dole su ajiye lanƙwasarsu a bakin ƙofa. Magatakardan da ba ya jin Hausa kuma yadda kunnensa ya ji haka zai rubuta.

A da duk wannan ba ya hana komai, don ma'aikaci ya san fuskarka. Amma tun da Babban Bankin Najeriya ya fito da BVN a 2014, aka kuma ce a watan Disamba na 2020 kowa ya haɗa layinsa da NIN, sai aikin tantancewa ya koma hannun kwamfuta. Ita kuwa harafi take kwatantawa da harafi.

Wani kawuna mai fataucin goro ya ga ta kansa. Muhammadu ne a takarda ɗaya, Mohammed a ɗayar. Aka riƙe asusunsa, ga kaya a Shagamu suna jiran biya, goro kuma ba ya jiran kowa. Abin da allon ya iya faɗa kawai shi ne bayanai ba su dace ba. Wane bayani? Shiru. Wallahi da an jera masa sunayen biyu a nuna inda suka saɓa, da ran nan ya san ofishin da zai nufa.

Shi ya sa nake roƙon yaranmu masu koyon haɗa manhaja: ran da aka ba ku tsara fom, ku gwada shi da sunan kakarku tukuna. Ku bar gurbi ya karɓi waƙafi da lanƙwasa, saƙon kuskure kuma ya faɗi inda kuskuren yake.

Mu kuma kafin nan, kowa ya tsayar da rubutun sunansa guda, ya rubuta a takarda ya riƙa tafiya da ita. Kada ka bari a danna sai an juyo maka da allon ka gani, ko ɗanka ya karanta maka. Masu sabuwar haihuwa, yadda aka rubuta a takardar haihuwa, a bi shi har makaranta. Rigakafi ya fi magani.