Ɗalibin Tsara Birane: Lungunan Nima da Ofisoshin Kano

Ɗalibin da ya karanta tsara birane a Zariya ko Kano shekara biyar yake yi kafin a ba shi digiri. Takwaransa na Kumasi shekara huɗu ce tasa. Amma cikin waɗanda na yi hulɗa da su a nan Accra, na lura 'yan Ghana sun fi namu iya abu guda, kuma abin ba ƙarami ba ne: sun san yadda ake shiga unguwar da ba gwamnati ce ta yanka ta ba, a yi sallama, a zauna, a fito da bayanin da za a iya aiki da shi. Namu sun iya zane, sun haddace faɗin titi da tazarar da doka ta ce a bari tsakanin gini da hanya. In dai zancen takarda ne, babu wanda zai ja da su. A bakin lungu ake samun bambanci.

Zangunan Accra kuwa makaranta ce da babu irinta. Sabon Zongo, da ke yamma da tafkin Korle, Malam Baƙo ne ya kafa shi wajen 1912, ɗan Malam Nenu wanda ya zo daga Katsina. Da tsohon zangon cikin gari ya cika, ga kuma rigingimun shugabanci, sai ya nemi fili wurin sarakunan Ga, ya raba wa 'ya'ya da dangi da masu biyo shi, kowane maigida kuma ya riƙa saukar da baƙinsa. Ba shi da digiri, amma tsara gari ya yi, da masallaci da fada da hanyoyi. Wata Ba'amurkiya masaniyar halayyar al'umma, Deborah Pellow, ta yi littafi sukutum a 2002 kan yadda dangantakar masu gida da 'yan haya ta siffanta unguwar. Nima ta zo daga baya, a farkon shekarun 1930, ta hannun Malam Amadu Futa, Bafulatani mai harkar shanu, a lokacin da wurin yake wajen iyakar birni. Shi ya sa ta girma ba awon hukuma, Maamobi ta manne mata, yau kuma ga su a tsakiyar Accra, jifa kaɗan daga fadar shugaban ƙasa.

Wata safiya na tarar da wasu ɗalibai huɗu a wani lungu da ke gangarawa babbar kwatar Nima. Ɗaya na riƙe da tef ɗin awo, ɗaya da waya yana ɗaukar lambar wuri. Lungun bai fi mutum biyu su gifta juna ba, ruwan wanka na bin tsakiyarsa, ga mai koko da ƙosai ta kafa teburinta daidai inda ya ɗan buɗe. Ba su fara awo ba sai da wani saurayi ɗan unguwar ya kai su suka gaida maigidan da lungun ya ratsa bayan ɗakinsa. Dattijon ya tambaye su ko rusau ne ke tafe. Suka ce karatu ne. Ya ce to su rubuta cewa in an yi ruwan Yuni, har gindin tagar nan yake kaiwa, ya nuna musu shatin da ya bari a bango. Yarinyar da ke rubutu ta auna tsayin shatin. Babu taswirar ofis da ke ɗauke da wannan bayani, kuma da sun shigo kai tsaye da tef a hannu, da ko ruwan sha ba za a ba su ba.

Wannan ladabi koya musu ake yi. A Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi, sashen tsare-tsare yana da digiri iri biyu, na tsara ci gaba da na tsara matsugunan jama'a, kuma ƙashin bayan karatun shi ne aikin rukuni a fili: a ba ɗalibai ƙauye ko unguwa ko gunduma, su tattaro bayanai, su fito da tsari, su kare shi. Tun tsakiyar shekarun 1980 jami'ar ke da shirin digiri na biyu mai suna SPRING tare da Jami'ar Dortmund ta Jamus, inda ake shekara guda a can, a dawo Kumasi a yi ta biyu a kan wata gunduma ta gaske. Wadda ta fi burge ni ita ce Jami'ar Nazarin Ci Gaba ta Tamale, da aka kafa a 1992. Ita ta raba shekarar karatu gida uku, zango na uku kuma ba a aji ake yin sa ba. Ana haɗa ɗalibai daga fannoni daban-daban a tura su ƙauye su tare na makonni, su sha ruwan da mutanen garin ke sha, su rubuta halin da garin ke ciki, shekara ta zagayo su koma garin su fito da shawarwari. Yaron da ya taɓa kwana a ɗakin da aka ara masa, ya je gaida sarkin gari da goro, ba sai an gaya masa yadda zai tunkari Sarkin Zongo ba.

Mu kuwa abin da muke da shi SIWES ne, shirin sanin makamar aiki da asusun ITF ya ƙirƙiro a 1973. Niyyar mai kyau ce: a aji huɗu ɗalibi ya bar makaranta wata shida ya je inda ake aikin. Sai dai kusan kowa ofis yake nema, ma'aikatar ƙasa ko hukumar tsara birni ko kamfanin wani mai zane, kuma samun gurbin kansa sai da wanda ya san wani. Mai sa'a ya faɗa hannun ma'aikacin kirki, ya koyi duba zanen gini da fita dubin fili. Maras sa'a ya ƙare da ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan da sayo wa oga abinci, ranar Juma'a ya zauna ya cike littafin rahoton mako da abin da bai yi ba, a buga masa hatimi. Kowa ya san da haka, har malaman da ke zuwa duba su. Ban ce sassanmu ba sa fita fili ba. Ana yin aikin sitidiyo a unguwanni, a raba takardun tambayoyi, a zana taswira mai launi. Amma fita ce ta yini ɗaya ko biyu, kuma da an ba da maki, taswirar ta koma saman kabad tana shan ƙura.

Abin da ya sa wannan ke damuna shi ne irin garin da ɗalibin namu zai fito ya tarar. Wanda ya san Kano ya san fili iri biyu ne, awon gwamnati da awon igiya. Kurna, Ɗorayi, Rimin Kebe da unguwanni da yawa da suka kewaye birnin, akasarinsu da igiya aka yanka su: mai gona ya kira dillali, a shaida wa mai unguwa, a bar hanya iya yadda aka ga dama. Babban tsarin da masanin tsara birane Trevallion ya yi wa Kano na shekarun 1963 zuwa 1983 ne, garin kuma ya daɗe da yi masa fintinkau. Ke nan yawancin aikin da ke jiran mai tsara birni a Kano irin na Nima ne: yadda za a shigar da magudanar ruwa, a buɗe hanyar da motar kashe gobara za ta bi, a samo wurin makaranta, a cikin unguwar da ta riga ta cika da mutane. Mu kuma muna horar da shi kamar kullum fili fetal za a miƙa masa ya yanka fulotai. Shi ya sa talaka bai san ma'aikacin tsara birni da komai ba sai jan fenti a bango da katafila.

Akwai kuma bambancin inda ikon yake. Najeriya ta riga Ghana sauya dokar tsara gari: mun ajiye ta Turawa ta 1946 tun 1992, su kuwa sun ci gaba da tasu ta 1945 har zuwa 2016. Amma dokarmu da ta tanadi hukumar tsarawa a matakin ƙaramar hukuma, a aikace jiha ce ke riƙe da komai; a Kano hukumar tsara birni ta jiha, KNUPDA, ita ce wuƙa da nama. A Ghana aikin yana hannun majalisun gunduma, guda 261. Tun 2018 Nima ke ƙarƙashin majalisar Ayawaso ta Gabas, Maamobi kuma ta Ayawaso ta Arewa, kowace da sashenta na tsara gari. Kowane yanki yana da wakilin da aka zaɓa ba da tutar jam'iyya ba, yawanci ɗan unguwa ne da za ka iske shi a masallaci. Kafin a amince da tsarin ci gaba na shekara huɗu, sai an kira taron jin ra'ayin jama'a. Ɗalibin da ya zo neman sanin makamar aiki a lokacin hutu, ko wanda aka turo hidimar ƙasa, yana zaune a irin wannan taro yana rubuta abin da aka ce, yana jin yadda mata ke ƙorafin kuɗin shiga bayan gida na haya. Ƙasashen biyu duk a 1973 suka fara hidimar ƙasa, amma a wurinmu sau da yawa wanda ya karanta tsara birane sai ka same shi yana koyar da lissafi a wata sakandare.

Masifa ma ta buɗe wa matasan nan ƙofa. Ranar 3 ga Yuni, 2015, ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah da ke Accra, mutum kusan 150 suka rasu. Ruwan da ke gangarowa daga Nima yana cikin wanda ke zuba a kogin Odaw da ya yi wannan ɓarna. Bayan nan aka fito da shirin GARID, wanda Bankin Duniya ya ba wa dala miliyan 200 a 2019, Nima kuma tana cikin unguwannin da aka zaɓa a gyara. Kafin nan matasa sun bi lungu-lungu da waya suna sa gidaje da kwatoci a taswirar OpenStreetMap, wadda kowa ke iya buɗewa kyauta. A Dar es Salaam ta Tanzaniya ɗaliban jami'a ɗaruruwa suka yi irin wannan aiki a shirin Ramani Huria, a matsayin horon da makarantarsu ta amince da shi. A unguwar Old Fadama ta Accra kuwa mazauna ne da kansu suka ƙirga kansu a 2009, da taimakon ƙungiyar People's Dialogue, suka sami mutum kusan 80,000, adadin ya zama makaminsu duk lokacin da aka tayar da zancen korarsu.

Kada mai karatu ya ɗauka komai lafiya lau ne a nan. Mutanen zango sun gaji da tambaya. Bature ya zo, ɗan jami'a ya zo, ƙungiya ta zo, kowa yana son sanin mutum nawa ke kwana a ɗaki, kwatar kuma tana nan yadda take. A wuraren shan ataya na samari za ka ji ana cewa wasu sun yi digiri da talaucinsu. Gwamnati ta kafa ma'aikatar raya zango da asusunsa a 2017, zuwa 2021 an rushe ma'aikatar. Sannan yawancin ɗaliban da ke zuwa ba 'yan zango ba ne, ba sa jin Hausa, sai an nemo musu tafinta, abin da tsohuwa ta faɗa cikin jimla biyar ya koma kalma biyu a takarda. A ganina nan ne aikin ya fi rauni: 'ya'yan zangon da ke karanta wannan fanni ba su da yawa, alhali su ne suka san wane lungu ne na wane gida, wane fili ne ake rigima a kansa tun zamanin kakanni. Sai da ɗan gari kan ci gari. Iyayen Sabon Zongo da Nima da ke tura yara karatun likita da lauya, su tuna akwai wannan ma.

Ɗalibin Kano ba shi da wannan uzuri. Harshen nasa ne, unguwar ma watakila a cikinta aka haife shi, mai unguwa kuma abokin babansa ne. Abin da ya rage shi ne makaranta ta ɗauki wannan a matsayin karatu. Ina kira ga sassan tsara birane na Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero da ta Wudil, da ƙungiyar masu tsara birane ta NITP: a raba watanni shidan nan biyu, uku a ofis, uku a unguwar awon igiya guda ɗaya da sashen zai riƙe shekara da shekaru, aji na miƙa wa aji. A fara da gaisuwa wurin dagaci da mai unguwa da limami. In an gama, kafin a ba da maki, ɗalibai su koma ƙofar gidan mai unguwa su karanta wa jama'a abin da suka gano da Hausa, su bar musu kwafin taswirar.