Fuska Mai Taushi, Baya Mai Tauri

Masu ƙera jita a ƙasar Sifen da masassaƙan garaya na ƙasar Haɗeja ba su taɓa zama a inuwa ɗaya ba, amma sun yi tarayya a kan sani guda: abin kiɗa ba ya magana da jiki ɗaya. Sai an haɗa mai taushi da mai tauri, wannan ya yi rawa, wancan ya tare amon ya maido shi.

A jita, fuskar ce ke rawa. A shekarun 1960 José Ramírez na uku, wani gwani a birnin Madrid, ya yayata yin ta da jan sida, itace marar nauyi daga yammacin Kanada da Amurka. Ko shafa tsirkiya aka yi sai ya amsa da murya mai ɗumi, ga shi kuwa farce ma yana yi masa tabo. Abokin zamansa a baya da gefe shi ke gyara masa harshe. Roswud na Indiya yana zurfafa amon, mahogani kuwa yana tsane shi ya fito sarai, kuma ni shi na fi so.

Ranar da na gane cewa mahoganin Afirka ɗan'uwan maɗacinmu ne, kuma baƙin itacen da yatsu ke dannawa a wuyan jita dangin kanya ne, kawuna na tuna. A Kafin Hausa yake sassaƙa. Yakan ƙwanƙwasa gungumen maɗaci da ƙotar gizago, ya kasa kunne, kafin ya yarda ya fafe shi. Sidarsa kuwa fatar gada ce. In ta yi kauri, garaya ta yi gum; in kwarin ya yi laushi, amon ya zube kamar ruwa a rariya.

Yau neman gungumen ya fi sassaƙar wuya. Tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974, da Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamunmu ta sauya hali, masu gawayi kuma suka bi manyan itatuwa. Madobiya, wadda 'yan kasuwa ke kira roswud na Afirka, an yi ta jigilarta zuwa Sin har yarjejeniyar CITES ta sa wa cinikinta takunkumi daga 2017.

Bara wani maharbi ya kawo wa kawu aikin garaya. Wata huɗu suna jiran maɗaci mai kaurin da zai isa. Da mutumin ya ce a yi da darbejiya kawai, kawu ya ƙwanƙwasa ta sau biyu, ya mayar masa da kuɗinsa.