Katun ɗin da ya hana ni barci

Jiya da daddare ba wuta a ɗakinmu nan Ibadan, babi na uku na firojet ya ƙi motsi, sai na kunna fim a laftof. Abokin ɗakina, Bakatsine, ya leƙo ya ce, "Haba mutumina, kana masta kana kallon katun?" Na ce ya jawo kujera. Har fim ya ƙare ko tari bai yi ba.

Mu dai a wajenmu duk abin da aka zana na yara ne, Tom da Jerry ke nan. Amma akwai waɗanda don manya aka yi su, kuma wallahi ba na saka wa ƙanina. Akira na Japan, 1988, da fashewar da ta shafe Tokyo yake buɗewa. Ba tashin alƙiyama suke zanawa ba fa, wannan sanin na Allah ne. Ɓarnar da ɗan Adam ke yi da hannunsa ce.

Wanda muka kalla shi ne When the Wind Blows, na Ingila, 1986, daga littafin Raymond Briggs. Tsoho Jim da matarsa Hilda suna zaune a ƙauye, aka sanar a rediyo yaƙin nukiliya ya kusa. Jim ya ɗauko takardar gwamnati yana bi layi-layi: ya shafa wa tagogi farin fenti, ya cire ƙyauren ɗakuna ya jingina da bango wai mafaka. Ita kuwa Hilda damuwarta kada a ɓata mata gida. Ya kira ɗansu da ke Landan, ɗan ya mayar da abin wasa. Bam ya faɗi, sun tsira. Sai su fita waje, su tari ruwan sama su sha, ba su san guba ce ba. Dasashi ya fara jini, gashin Hilda na zubewa, Jim na ta ba ta haƙuri cewa hukuma na nan tafe. Ba wanda ya zo.

A nan ne abin ya daina zama fim a gare ni. Ƙauyuka biyu da ke maƙwabtaka da namu sun watse, ba kowa sai kangaye. Tun bara nake roƙon Baba su dawo cikin gari wajen yayata. Kullum amsa ɗaya: gona fa? Ni kuma ina nan, tafiyar kwana guda a mota, ina faman gyaran da sufabaiza ya bayar. Ɗan nan na waya ni ne, dariyar ce kawai ba na yi.

Da na idar da asuba na kira shi. Sai a kira na huɗu ta shiga, sabis ɗin can sai an hau tudu. Na sake tayar da maganar. Ya ce, "Kai dai ka yi karatunka. An ce za a turo jami'an tsaro bayan girbi." Ya miƙa wa Inna, ta tambaye ni ko yajin da ta ba ni ya ƙare.